Ƙullin da Goggo Delu Ta Tafi da Shi

Ranar wata Alhamis ce, a kakar shekarar da na shiga aji huɗu na firamare a Ɗanzomo. Ba zan ɓata ranar ba, domin mazan gidanmu duk sun yi sammako zuwa kasuwar Maigatari, kuma ranar ba a zuwa makarantar allo, saboda haka ba mu da wurin fakewa. Mun dawo daga boko, mun ci ɗumame, an yi azahar, sai Inna ta nuna mana tulin zoɓon da amalanken Baba ya sauke a gindin darbejiyar tsakar gida, tuli har ya kusa kai ƙugun babba. Mu bakwai ne yaran gidan, da ni da ƙannena da 'ya'yan Baffa, aka jera mu a kan tabarma, kowa da ƙwarya a gabansa. Wanda bai taɓa ɓarar zoɓo ba yana ganin aikin wasa ne. Za ka kama kowane ɗaya ka tsaga jan ɓawon da farce, ka fitar da ƙwallon da ke ciki, ɓawo ya tafi shanya, ƙwallo ya tafi wani buhu, don daga cikinsa ake samun gurguzun da Inna ke yin daddawa da shi. Kafin ka cika ƙwarya guda yatsunka sun rine, ƙaiƙayi ya shiga tsakaninsu, in ka yi kuskuren sosa wuya kuwa ka jawo wa kanka. Ranar tun ba a je ko'ina ba ƙanena Sabi'u ya fara ciwon cikin ƙarya, Rabi 'yar Baffa kuma ta je shan ruwa sau uku.

Wadda ta iya da mu a wannan aiki ita ce Goggo Delu, ƙanwar Baba. Tana aure a wani ƙauye can tsallaken iyaka, a ƙasar Damagaram, kuma a shekarar ta zo ta yi mana kaka, kusan wata guda. Siririya ce, mai tsaga biyu a kumatu, ba ta duka, ba ta zagi, ban kuma taɓa ganin ta ɗaga murya ba. Ni sunan mahaifiyarsu aka sa mini, don haka ba ta iya faɗar sunana, sai dai ta ce Uwani, in kuma tsokana ta motsa ta ce 'yar lakwal, wato 'yar makaranta a bakin mutanen can. A gidanmu, kamar kowane gida, an hana tatsuniya da rana, an ce mai yi zai ɓata a kasuwa, sai fa in an ɗaure Gizo. Goggo tana da nata salon ɗaurin. Takan kama gefen mayafinta ta yi ƙulli guda, ta ja shi da haƙori, sannan ta ce, “Ƙulli ɗaya kan labari kawai yake ɗauka. Jikin sai an ga bayan aiki.” Daga nan ta jefo mana magana biyu ko uku, farkon wani labari, ta ja bakinta ta yi gum, ta ci gaba da ɓara kamar ba ita ta yi maganar ba.

Sai gardama ta kaure a tsakaninmu. Wannan ya ce kaza ne zai faru, wancan ya ce ƙarya ne, ai kaza ne, hannuwa kuma suna ta aiki ba mu sani ba. Goggo tana zaune kai a sunkuye, ko tari ba ta yi. Bayan magariba, in an ci tuwo, ta kwance ƙullin ta ba mu ragowar. Abin da ya fi yi mana daɗi shi ne kusan kullum sai an samu wanda ya canka a cikinmu. Yau jikin labarin ya bi ta inda Rabi ta ce, gobe wutsiyarsa ta fito daidai da maganar Sabi'u, wanda ya ci kuwa ya kwana yana cika baki. Ni na fi kowa ci, kuma na fi kowa rashin kunyar tuna wa mutane hakan.

To, a wannan Alhamis ɗin, da Goggo ta ga Rabi ta miƙe za ta shan ruwa na huɗu, sai ta kama gefen mayafinta, wani shuɗi mai ɗigon fari, ta ƙulla. Rabi ta dawo ta zauna ba wanda ya kira ta. Goggo ta ce, “An yi wani gari da rijiyarsu ɗaya tak. Wata safiya matar da ta riga kowa zuwa ta zura guga, ta jawo, sai ga akushin tuwo da zafinsa maimakon ruwa, an rufe shi da faifai. Ta duba faifan nan, sai ta gane shi.”

Har yau ina jin yadda tsigar jikina ta tashi. Tuwo daga cikin rijiya abin mamaki ne, amma tatsuniya ta saba da irin wannan, mun ji kifi ya yi magana, mun ji kabewa ta bi mutum da gudu. Abin da ya kama ni shi ne faifan. A ina ta san shi? Nata ne, ko na uwarta, ko na wata da ta daɗe da mutuwa? Na buɗe baki ke nan zan faɗi abin da na hango, sai muka ji ƙarar babur ya tsaya a ƙofar gida, aka yi sallama. Ƙanen mijin Goggo ne, ya biyo daga kasuwar Maigatari da saƙo: babbar 'yarta tana kan gwiwa tun jiya, haihuwar ta zo da gardama, ana neman uwarta. Cikin abin da bai fi shan ruwa ba Goggo ta ɗaure kayanta a ɗankwali, Inna ta cusa mata kuka da daddawa a leda, ta haye bayan babur. Na san ba lokacin tambaya ba ne, ko a shekaruna na sani, amma ƙafafuna ba su saurare ni ba. Na bi su da gudu har bakin masallaci ina cewa, “Goggo, faifan na wane ne?” Ta waiwayo ta ce, “Riƙe mini shi, Uwani, sai na dawo.” Ina kallon ƙullin yana lilo a gefen mayafinta har suka sha kwana.

'Yar tata ta sauka lafiya, bayan kwana uku labari ya iso, aka yi ta hamdala. Ni ma na yi murna, amma in faɗi gaskiya, rabin murnar tawa ta cewa Goggo za ta dawo ce. Ba ta dawo ba. Ta zauna wankan jego, daga nan rani ya shiga, mijinta ya kwashe iyalinsa suka yi arewa can cikin Damagaram inda ya samu gona, tafiyar da ta fi ƙarfin babur. Sauran yaran gidan sun yi kwana biyu suna gardamar akushin, sannan aka shiga kakar riɗi, suka manta. Ni kuwa abin ya zauna mini a ƙirji. Na tambayi Inna, ta ce ita ba ta taɓa jin wannan tatsuniyar ba. Na tambayi Kaka, wadda ta haifi Goggon, ta ce Delu dai tun tana yarinya bakinta ba ya rasa abin faɗa. Na bi tsofaffin unguwarmu ɗaya bayan ɗaya, ina yi musu tsintar tsakuwa a gero ina sako tambayata a tsakiya. Kowacce sai ta tsaya da abin da take yi ta ce, “Ikon Allah, to sai aka yi yaya?” Ni da na zo nema sai in koma wadda ake nema a wurinta.

Rijiyar unguwarmu mai zurfi ce ƙwarai, irin ta ƙasarmu, wadda in ka jefa tsakuwa sai ka yi ƙirga kafin ka ji ta faɗa ruwa. Da can ɗiban ruwa shi ne aikin da na fi ƙi, amma a ranin nan na zama mai rige-rigen zuwa, har Inna ta fara yabona a gaban baƙi. Ba ta san so nake in riga kowa zura guga ba, kamar matar cikin labarin. Wata safiya na kwanta rub da ciki a bakin rijiyar na zura kaina ina shinshina ko zan ji ƙanshin miyar kuka, sai wata maƙwabciyarmu ta damƙo ƙafata ta baya tana salati. Ranar na sha dukan da ban taɓa sha ba, kuma na cancanta. Aka hana ni rijiya, sai na koma kan faifai. Duk gidan da aka aike ni sai na ƙare wa faifansu kallo, na lura ashe ba biyu da suke daidai. Na Inna yana da jan zobe biyu a tsakiya, na matar Baffa baƙi da kore ne kamar fatar kankana, na Kaka kuwa gefensa ya cinye ta ɗinke shi da zaren buhu. A nan na fahimci lallai mace za ta gane faifanta ko a cikin duhun rijiya, abin da ya ƙara mini ƙaiƙayin son sani ke nan.

A makaranta malamarmu ta Hausa, Malama Rahila, mutuniyar wajen Jos ce da aiki ya kawo mijinta sakatariyar Sule Tankarkar. Hausarta tana da wani ɗan karkace da muke kwaikwaya a bayan aji, amma ta fi mu sanin ƙa'idar rubutu nesa ba kusa ba. Wata rana ta ce kowa ya rubuta labari shafi guda. Mu wajen hamsin, kusan kowa ya fara da an yi wani sarki mai mata huɗu, ko wata rana Gizo yana jin yunwa. Ni na rubuta maganar Goggo yadda ta faɗe ta, ban ƙara ko wasali ba, na tsaya a kan “sai ta gane shi”, sauran shafin na bar shi fari fat, domin a ganina haramun ne in taɓa labarin da aka ba ni ajiya. Malama ta zo kan littafina, ta karanta, ta juya shafi, ta sake juyowa, ta leƙa har bangon baya. Ta ce, “Ina sauran?” Na ce yana Damagaram. Ajin ya fashe da dariya, ita ba ta yi ba. Ta ba ni biyu bisa goma saboda ban gama aiki ba, sannan ta karanta wa ajin layukan nan uku da ƙarfi, ta ce su ji yadda ake buɗe labari. Bayan an tashi ta tsare ni a bakin ƙofa ta ce in goggon tawa ta dawo, don Allah in zo in gaya mata.

A lokacin babu waya a hannun kowa, gaisuwar nesa a kaset ake yin ta. Sau ɗaya ko biyu a shekara wani ɗan kasuwa yakan kawo kaset daga Goggo, a taru a tsakar gida a sa a rediyon Baba, mu ji muryarta tana gaida kowa da sunansa har akuyar Kaka. In za a mayar da amsa, manya su yi tasu, sannan a jera yara kowa ya ce yana gaida Goggo. Da layi ya zo kaina na ce, “Goggo ina gaisuwa, faifan na wane ne?” Baba ya yi mini daƙuwa, amma bai goge ba. Wata bakwai na jira. Da amsar ta zo, can wajen ƙarshe, bayan ta gama jajanta mutuwar wani sa, sai na ji ta yi 'yar dariya ta ce, “'Yar lakwal kuma, labari ba ya shiga kaset, sai na zo.” Ta zo sau biyu bayan haka. Na farko ina makarantar kwana a Gumel, na biyu kuwa rasuwar Kaka ce, kuma ko ni mai taurin kai ban iya tsallaka mata masu kuka in tambayi uwar makoki zancen tuwo ba.

Tun ina jira har na fara yi wa labarin ƙarshe da kaina, a ɓoye, ina jin kamar sata nake yi. A wani, faifan na 'yarta ne da ta ɓace tun tana ƙarama, tana can tana aure a wani gari da ke ƙarƙashin ruwa. A wani, na maƙwabciyar da suka yi shekara goma ba sa magana ne. A makarantar kwana, ranar Asabar wajen wanki, na riƙa ba ƙawayena ɗaya bayan ɗaya, in ga wanda ya fi sa su tsayar da cuɗa. Na tara sun fi ashirin a wani tsohon littafin lissafi. Ko ɗaya bai gamsar da ni ba, domin na san na gaskiyar yana can a ƙulle a gefen wani shuɗin mayafi.

Yanzu ni ce malamar Hausa, a wata sakandaren 'yan mata a Gumel, da 'ya'yana huɗu. Bara, bayan rasuwar mijin Goggo, ɗanta da ke aiki a Sule Tankarkar ya ɗauko ta ya dawo da ita wurinsa. Aka ce mini idonta ya yi rauni, kuma tunaninta yana zuwa yana tafiya, wani lokaci ta kira jikanta da sunan Baba. Na yi mako biyu ina ɗaga tafiyar, kuma tsoro ne ya hana ni, ba aiki ba. Kusan shekara talatin ina riƙe da abin da aka ce in riƙe, ina gudun in je in tarar mai shi ta manta ta ba ni. Wata Asabar dai na sayi goro da lemo, na hau mota.

Na same ta da hantsi a inuwar zaure na ciki, tana ɓarar gyaɗa da lalube. Ta gane muryata tun daga sallama. Muka gaisa, ta tambayi maigidana da yara, na yi mata gaisuwar rashi. Sai na ce, “Goggo, na kawo miki ajiyarki.”

Ta ce, “Wace ajiya, Uwani?”

Na ce ta ranar zoɓo, ranar da aka zo da babur. Ta tuna babur ɗin, ta tuna haihuwar, har ta gaya mini yaron da aka haifa yanzu direban babbar mota ne. Labarin kuwa babu shi, ko alama. Sai na faɗa mata shi kamar yadda ta faɗa mana, gari mai rijiya ɗaya, da guga, da akushin tuwo da zafinsa, har zuwa inda matar ta gane faifan. Hannun Goggo ya tsaya a cikin gyaɗar. Ta matso da kanta kusa da ni, ta ce, “To, na wane ne?”

Na ce, “Haba Goggo, ke zan tambaya. Labarinki ne.”

Ta yi dariya har da tari, sai da na miƙa mata ruwa. Ta ce, “Wayyo 'yar lakwal. Ai ni kan kawai nake da shi. Ina zaune nake ƙago shi don ku zauna. In na ja bakina, ku nake saurare, wannan ya ce kaza, waccan ta ce kaza, in tsinci masu kyau in haɗa, da magariba in mayar muku da kayanku. Ran nan kuwa ban samu na ji ku ba.” Ta laluba ta kama hannuna ta ce, “Shekara nawa kina riƙe da shi, ai ya ci a ce ya yi jiki. Ba ni in ji.”

Ban san ko haushi na ji ko daɗi ba, ina jin duka biyun ne, kuma hawaye ya zubo mini ba tare da na shirya ba. Na tuna duk cika bakin da na yi na cewa na fi kowa canka, ashe nawa ake ba ni ina tafawa. Na duba rana, ko azahar ba ta yi ba. Na kama gefen mayafina na yi ƙulli, na ja da haƙori, na sa mata a tafin hannu ta shafa ta tabbatar. Sannan na ba ta na 'yar da ke aure a ƙarƙashin ruwa, wadda kullum take aiko wa uwarta tuwo don ta san tana raye. Goggo ta saurara har ƙarshe, ta gyara mini wuri biyu, ta ce miyar ta kamata ta zama ta kuɓewa, kuma na yi saurin fito da 'yar. Ta ce mako mai zuwa in dawo mata da wani. Na kai mata guda shida kafin Allah ya karɓi abinsa da azumin da ya wuce.

Zoɓo yana nan a Ɗanzomo, har ya fi na da yawa, manyan motoci ke zuwa kwasarsa. In na je gida da kaka nakan tarar da yara a gindin darbejiyar nan da ƙwarya a gabansu, yatsu jajaye kamar namu, sai dai waya ce a jingine a jikin turmi tana yi musu fim, daga farko har ƙarshe, ba abin da aka bar musu su yi gardama a kai. Ba na ganin laifinsu, da mun samu mu ma da mun kalla. Amma a ajina, ranar farko ta kowane zango, nakan rubuta layukan Goggo uku a allo, in ajiye alli, in koma kujera in ja bakina in yi kamar ina duba rajista. Ba a minti biyu sai gardama ta kaure a ajin. Ni kuwa ina nan kai a sunkuye, ina tsintar masu kyau.